Makarantar Garinmu: Wa Ke Riƙe Da Ita, Wa Ke Biyan Kuɗinta?

Yau hirarmu ta tarihi ce. Za mu duba yadda makarantar boko ta shigo ƙasar Nijar, da wanda ke tafiyar da ita, da inda kuɗinta ke fitowa. Ku karanta a hankali, domin magana ce ta ƴaƴanku da aljihunku.

Faransawa ne suka buɗe lakwal ta farko a 1898, a garin Dulsu, can bakin kogi wajen Ayoru. Tafintoci da magatakarda suke nema. A zamanin nan makaranta ta kumandan ce. Shi ke cewa a gina, shi ke aika wa sarki ya kawo yara. Ba a shawara da uba, balle uwa. Saboda haka mutane suka riƙa ɓoye ƴaƴansu, wasu sarakuna ma ƴaƴan barorinsu suke turawa.

Ranar 3 ga Agusta 1960 muka samu mulkin kai. A lokacin, cikin yara 100 da suka isa shiga makaranta, waɗanda ke aji ba su kai 5 ba. Gwamnati ta ɗauki nauyin duka. Ita ke gina aji, ita ke biyan mushe, ita ke aiko da kaye da alli daga Yamai. A 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa tare da Faransanci a Damagaram. Makarantu suka yi yawa, amma har lokacin ƙauye kallon makaranta yake yi kamar kayan gwamnati. In iska ta yaye rufin aji, sai a zauna jiran hukuma.

Da kuɗin ƙarfen uraniyum ya faɗi a farkon shekarun 1980, baitulmali ya yi rauni. Aka rage abin da ake kashewa a kan ilimi. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka yi jerin gwano a gadar Kennedy ta Yamai, aka buɗe musu wuta, 3 suka rasu. A shekarun da suka biyo baya malamai kan yi watanni ba albashi, yajin aiki ya yi yawa, karatu ya lalace.

Daga nan aka zo ga babbar doka. Ranar 1 ga Yuni 1998 aka kafa doka mai lamba 98-12, wadda ake kira LOSEN. Ita ce ta raba nauyin ilimi. Ta ɗora wa gwamnati gina azuzuwa, horar da malamai, biyan albashi da samar da littattafai. Ta ɗora wa ƙananan hukumomi nasu kaso na gini da gyara da ruwa da wuta. Ta ce iyaye su taimaka da kayan karatu da kula da makaranta. A zamanin ne kuma aka fara ɗaukar malaman kwantiragi, masu albashi ƙasa da na sauran, don a buɗe azuzuwa da yawa da kuɗi kaɗan.

To, wanda aka ce ya biya, ai ya kamata a ji bakinsa. Shi ya sa a 2002 aka fara kafa kwamitin kula da makaranta, wato COGES. Cikinsa akwai wakilan iyaye, da wakiliyar ƙungiyar uwaye mata, da diraktan makaranta, da wakilin malamai. Shugaban kwamitin daga cikin iyaye yake fitowa.

Da farko kwamitoci da yawa suna ne kawai, domin manyan gari ke naɗa nasu. A 2004, a jahar Tawa, tare da taimakon ƙasar Japan, aka gwada wata hanya. Aka tara gari duka, maza da mata, kowa ya jefa ƙuri'arsa a asirce. Bayan zaɓe, taron gari ya lissafa matsalolin makaranta, ya zaɓi waɗanda zai iya magancewa da ƙarfinsa, ya rubuta su, ya yanka gudummawar kowane gida: wani kuɗi, wani tiyar hatsi, wani aikin hannu. A ƙarshen shekara kwamiti ya dawo gaban jama'a ya ba da lissafi. Hanyar ta yi kyau, a 2007 aka baza ta ƙasa duka. A 2012 aka sake wa kwamitin suna, ya koma CGDES. A 2016 kuma gwamnati ta yi dokar miƙa wa ƙananan hukumomi wasu ayyukan ilimi.

Amma gudummawar talaka tana da iyaka. Abin da gari ke iya yi sau da yawa shi ne ajin zana. A watan Afrilu 2021 gobara ta kama irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka rasu. A watan Nuwamba na shekarar ta sake faruwa a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Allah ya jiƙan su. Ginin siminti aikin hukuma ne, kuma doka ta ba ku bakin tambayarsa.

Ƴan uwa, nan karatunku zai yi aiki. Wanda ya iya karatu da lissafi ba a rufe masa littafin asusu. In an kira taron makaranta, ku je, mata ma su je. In kun ba da kuɗi, ku karɓi resi. In ma'aji ya ce an kashe jikka 50, ku nemi ganin inda aka rubuta. In littattafai sun iso, ku ƙidaya su tare da dirakta.

Ga tambayoyi 3 da za ku tattauna da malaminku a aji:

1. Su wane ne ke cikin kwamitin makarantar garinku, kuma wa ya zaɓe su?
2. Yaushe aka karanta lissafin asusu gaban jama'a na ƙarshe?
3. Azuzuwa nawa ne na zana a garinku, nawa ne na gini?

Ku rubuto mana amsoshinku da hannunku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.