Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS: abin da ya sauya a siyasa da kasuwanci

A ranar 29 ga watan Janairun 2025 ne ƙasashen Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga Ƙungiyar Raya Tattalin Arzikin Ƙasashen Afirka ta Yamma, wato ECOWAS ko CEDEAO. Hakan ya rage mambobin ƙungiyar daga 15 zuwa 12.

Ƙasashen uku su ne ke da fiye da rabin faɗin ƙasar da ƙungiyar ta mamaye a da, kuma yawan jama'arsu ya haura miliyan 70. Sai dai abin da suke samarwa bai kai kashi 10 cikin 100 na tattalin arzikin yankin ba, kana babu ko guda daga cikinsu da ke da gaɓar teku.

Wannan ne ya sa rabuwar ta zo da fuska biyu. A fagen siyasa an raba gari cikin hanzari, amma a fagen ciniki kowane ɓangare yana taka-tsantsan, domin hanyoyin da kaya da mutane ke bi sun girmi ƙungiyar kanta.

Me ƙasa ke samu a cikin ECOWAS?

An kafa ECOWAS ne a birnin Legas a ranar 28 ga watan Mayun 1975, bisa ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon na Najeriya da Gnassingbé Eyadéma na Togo. Nijar da Mali da Burkina Faso, wadda a lokacin ake kira Upper Volta, suna cikin waɗanda suka sanya hannu tun ranar farko.

Manyan amfanin zama cikin ƙungiyar guda uku ne. Na farko shi ne yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979, wadda ta bai wa ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Daga baya aka faɗaɗa ta domin ta haɗa da 'yancin zama da kafa sana'a.

Na biyu shi ne tsarin sassauta ciniki, wanda ya yafe kuɗin fito a kan amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu, sannan daga 1990 ya haɗa da kayan masana'antun da aka tabbatar an sarrafa su a cikin yankin.

Na uku kuwa shi ne harajin bai-ɗaya a kan kayan da ake shigo da su daga wajen yankin, wanda ya fara aiki a 2015, mai matakai biyar daga sifiri zuwa kashi 35 cikin 100. Ƙungiyar kuma tana tafiyar da ayyukanta ne da harajin kashi 0.5 cikin 100 da kowace ƙasa ke karɓa a kan irin waɗannan kaya.

Ba a taɓa aiwatar da waɗannan ƙa'idoji yadda ya kamata ba. Direbobi sun daɗe suna kokawa da yawan shingaye da na-goro a kan hanya, kuma Najeriya da kanta ta rufe iyakokinta na tudu daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 alhali tana cikin ƙungiyar. Duk da haka, ƙa'idojin sun ba ɗan kasuwa hujjar da zai tsaya a kanta idan an tsare shi a bakin iyaka.

Yadda aka kai ga rabuwa

Tushen saɓanin shi ne juyin mulki. Sojoji sun karɓi iko a Mali a 2020 da kuma 2021, sai Burkina Faso har sau biyu a 2022, sannan Nijar a ranar 26 ga watan Yulin 2023, lokacin da aka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum. Wata yarjejeniya da ECOWAS ta amince da ita a 2001 ta haramta karɓar mulki ta hanyar da ta saɓa wa tsarin mulki, don haka aka dakatar da ƙasashen uku ɗaya bayan ɗaya.

A kan Nijar ne aka fi tsanantawa. An rufe iyakoki, an dakatar da hada-hadar kuɗi, Najeriya ta katse wutar lantarkin da Nijar ta dogara da ita sosai, kana shugabannin yankin suka yi barazanar amfani da ƙarfin soja domin mayar da Malam Bazoum kan mulki. Mali da Burkina Faso suka ce duk wani hari a kan Nijar tamkar shelar yaƙi ce a kansu.

Barazanar ta gamu da adawa mai ƙarfi a arewacin Najeriya, inda jihohi bakwai ke maƙwabtaka da Nijar: Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Borno. Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan yaƙi, yayin da tsohon shugaban ƙasa Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar da wata tawagar malamai suka yi ta kai-komo zuwa Yamai.

A watan Satumban 2023 ƙasashen uku suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel da ake kira AES. Ranar 28 ga watan Janairun 2024 kuma suka sanar da ficewarsu daga ECOWAS, suna zargin ta da kauce wa manufofin waɗanda suka kafa ta, da bin umarnin ƙasashen waje, da ƙin taimaka musu a yaƙi da masu tayar da ƙayar baya, da kuma ƙaƙaba musu takunkumi na rashin tausayi.

ECOWAS ta ɗage takunkumin da ke kan Nijar a watan Fabrairun 2024, ta kuma naɗa shugabannin Senegal da Togo su shiga tsakani, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Sashe na 91 na yarjejeniyar ƙungiyar da aka yi wa kwaskwarima a 1993 ya tanadi sanarwar shekara guda kafin ficewa, shi ya sa rabuwar ba ta tabbata ba sai a farkon 2025.

Sakamakon siyasa

Babban abin da gwamnatocin sojan suka samu shi ne kuɓuta daga matsin lambar shirya zaɓe. A Burkina Faso an ƙara wa Kyaftin Ibrahim Traoré shekara biyar a 2024. A 2025 aka rantsar da Janar Abdourahamane Tiani a kan wa'adin shekara biyar a Nijar, haka ma aka amince wa Janar Assimi Goïta a Mali.

Talakawan ƙasashen kuwa sun rasa wata ƙofa ta neman haƙƙi. Kotun ECOWAS da ke Abuja tana sauraron ƙarar mutum guda a kan gwamnatinsa, ko da bai bi ta kotunan ƙasarsa ba. A nan ne Hadijatou Mani ta yi nasara a kan gwamnatin Nijar a 2008, bisa gazawa wajen kare ta daga bauta. Kotun ce kuma ta ba da umarnin sakin Malam Bazoum a watan Disamban 2023, umarnin da ba a bi ba.

Ita ma ECOWAS ta yi asara. Barazanar da ta yi ba ta aiwatar ba ta rage mata kwarjini, takunkumin kuma ya jawo mata baƙin jini a wurin jama'ar da suka ɗanɗana kuɗarsa. Cibiyoyinta da ke ƙasashen uku, irin su hukumar lafiya ta yankin da ke Bobo-Dioulasso, sun shiga jerin waɗanda dole a nema musu sabon mazauni.

Ta fuskar tsaro, rabuwar ta zo ne a daidai lokacin da ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai ke matsawa daga Sahel zuwa arewacin Benin da Togo. Ƙasashen uku sun sallami sojojin Faransa tsakanin 2022 da 2023, dakarun Amurka sun bar Nijar a 2024, an kuma ƙara kusantar Rasha. A 2025 Nijar ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa da ke yaƙi da Boko Haram a yankin Tafkin Chadi. Maharan dai ba su san iyaka ba, yayin da musayar bayanai tsakanin gwamnatoci ke buƙatar yarda, abin da ya yi ƙaranci bayan 2023.

Sakamakon kasuwanci

A ranar da rabuwar ta tabbata, ECOWAS ta buƙaci mambobinta da su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, su bar su su shiga ba tare da biza ba, su kuma ci gaba da yafe wa kayansu kuɗin fito har sai an cimma sabuwar matsaya. Ƙawancen AES ma ya riga ya sanar da cewa ƙofarsa a buɗe take ga 'yan ƙasashen ECOWAS. Don haka babu wani shinge da ya tashi dare ɗaya.

Abin da ya sauya shi ne matsayin waɗannan damammaki. A da haƙƙi ne da yarjejeniya ta tanada. Bayan ficewar sun koma alfarma, wadda kowane ɓangare zai iya janyewa idan dangantaka ta yi tsami. Mai son kafa masana'anta ko zuba jari mai yawa yakan yi la'akari da irin wannan rashin tabbas.

Wani abin lura shi ne ƙasashen uku ba su fice daga UEMOA ba, wato ƙungiyar ƙasashe takwas masu amfani da kuɗin CFA, wadda ke da nata tsarin ciniki ba tare da kuɗin fito ba. Hakan na nufin hulɗarsu da Senegal da Cote d'Ivoire da Togo da Benin, inda tashoshin jiragen ruwan da suka dogara da su suke, tana da wata yarjejeniyar da ke riƙe da ita. Giɓin ya fi faɗawa a kan ƙasashen da ba sa cikin UEMOA, musamman Najeriya da Ghana.

Shi ya sa iyakar Najeriya da Nijar, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, take da muhimmanci a wannan batu. Shanu da tumaki da raƙuma da wake da albasa suna gangarowa daga Nijar ta kasuwannin Illela da Jibiya da Maigatari, yayin da hatsi da kayan masana'antu ke haurawa zuwa Ƙonni da Maraɗi da Damagaram. Mafi yawan wannan ciniki ba ya shiga littafin kwastan. Rufe iyakar daga 2023 zuwa watan Maris na 2024 ya nuna abin da ke faruwa idan aka toshe shi: manyan motoci sun yi dogon layi, kayan gwari sun ruɓe, farashin abinci ya tashi a Nijar, 'yan dako da dillalai kuma sun rasa abin yi a ɓangarorin biyu.

Makiyaya ma abin ya shafe su, domin wani ƙudurin ECOWAS na 1998 ne ya tsara takardar shaidar da ke ba su damar ƙetare iyaka da dabbobinsu a lokacin rani.

Siyasa kuma ta sauya hanyoyin kaya. Tashar Cotonou ce babbar ƙofar Nijar zuwa teku, amma bayan an ɗage takunkumi a 2024 Nijar ta ƙi buɗe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville, tana zargin Benin da bai wa maƙiyanta mafaka, zargin da Benin ta musanta. Kaya suka koma bi ta Lome su ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji, hanyar da ta fi tsawo da tsada da hatsari. Rikicin ya taɓa har bututun mai na kusan kilomita 2,000 da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin.

A nasa ɓangaren, ƙawancen AES ya fara gina nasa tsarin. Ya fito da sabon fasfo a watan Janairun 2025, kana a watan Maris ya sanar da harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ake shigo da su daga waje domin tafiyar da ayyukansa.

Darasi daga wasu wurare

Ba wannan ne karon farko da wata ƙasa ta bar ECOWAS ba. Mauritaniya ta fice a shekara ta 2000 domin mayar da hankali ga ƙasashen Larabawa na arewacin Afirka. Amma a 2017 ta dawo ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa da ƙungiyar a kan ciniki, ba tare da ta sake zama mamba ba.

Birtaniya kuwa ta kaɗa ƙuri'ar barin Tarayyar Turai a 2016, ta fice a watan Janairun 2020, sannan aka cimma yarjejeniyar ciniki a ƙarshen wannan shekarar. An yafe kuɗin fito, amma takardu da binciken kwastan sun dawo, kuma batun iyakar Ireland ta Arewa ya ci gaba da jawo ce-ce-ku-ce har zuwa 2023. Ƙungiyar Ƙasashen Gabashin Afirka ma ta wargaje a 1977, aka sake farfaɗo da ita a shekara ta 2000.

A dukkan misalan, sanarwar ficewa ta ɗauki rana guda, tsara abin da zai maye gurbin tsohuwar yarjejeniya kuma ya ɗauki shekaru.

Abin da ya rage a warware

A watan Mayun 2025 shugaban hukumar ECOWAS, Omar Alieu Touray, ya gana da ministocin harkokin wajen ƙasashen uku a Bamako domin share fagen tattaunawa. Batutuwan da ke gabansu sun haɗa da zirga-zirgar jama'a, da matsayin miliyoyin 'yan Sahel da ke zaune a Cote d'Ivoire da Ghana da Najeriya, da basussukan bankin raya ƙasa na ƙungiyar da ke Lome, da ayyukan haɗin gwiwa na wutar lantarki da hanyoyi.

Akwai kuma hanyoyin da ba su dogara da ECOWAS ba. Hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar tana nan tun 1971, ƙasashen uku suna cikin yarjejeniyar ciniki ta nahiyar Afirka da aka ƙaddamar a Yamai a 2019, kuma an fara aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021. Amfanin da wannan layin dogo zai yi wa 'yan kasuwar ɓangarorin biyu ya danganta da irin ƙa'idojin da za a shimfiɗa a bakin iyakar da zai ratsa.