Motar Daji a Ƙasar da Ba Daji

Wanda ya baro Kano ta hanyar Gwarzo, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da barikin Janguza, ba zai daɗe ba zai isa Rimin Gado, kuma duk tafiyar a kan kwalta zai yi ta. Lissafi yana canjawa ne idan ya saki babban titi. Bayan garuruwa irin su Gulu da Butu-Butu da Yalwan Danziyal akwai unguwanni da gidajen gona barjat, waɗanda ba abin da ke kai mutum ƙofarsu sai hanyar ƙasa, wani wurin ma sai burtali. Da rani yashi ne ke riƙe taya. A watan Agusta kuwa ruwa ne ke kwanciya a duk inda ƙasa ta yi kwari. Shi ya sa ma'aikacin da ke zaune a birni, amma yana da iyaye ko gona a can ciki, yakan wayi gari yana lissafin sayen tsohuwar jif, irin wadda ake samu da kuɗin da bai kai na ƙaramar mota mai ƙarancin shekaru ba. Na taɓa yin wannan lissafin, na kuma sayi tsohuwar Pajero. Sai daga baya na fahimci cewa motar tana da tarihi a ƙasar nan, kuma da na san shi tun farko da lissafina ya bambanta.

A fara da ƙasar kanta. A shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar da ta kewaye birnin Kano, kuma littafin da suka fitar da abokin aikinsa Wilson a 1965 ya sa masana suka san yankin da ƙasar cunkoson gonaki. Abin da ya tarar shi ne jama'a masu yawa a kan fili kaɗan, gona a jikin gona, ana nomanta kowace shekara ba a barinta saura. Abin da ya riƙe ƙarfin ƙasar shi ne taki, kuma jaki ne ya riƙa kai shi: ya shiga birni da itace, ya komo da mangala cike da shara da toka da kashin dabbobi. Polly Hill, wadda ta yi nata binciken a Dorayi, ta tarar da cunkoso har ya fi haka. Hanyoyin da suka ratsa irin wannan ƙasa an yanke su ne daidai faɗin jaki da kayansa, ko garken da za a kora tsakanin shinge biyu ba tare da ya yi ɓarna ba. Ko bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama abin neman kuɗi, a bayan jakuna da raƙuma mafi yawanta ta riƙa fitowa daga ƙauye. Hanyoyin mota da En'e ta shata daga baya, da yawansu na rani ne kawai. Damina na sauka sai su koma hannun masu ƙafa da masu dabba.

Ita kuwa motar da ta zo ta karya wannan ƙa'ida, a wata duniya daban aka haife ta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin Rover na Ingila ya rasa isasshen ƙarfe, domin gwamnati na rabon sa ne ga masu sayar da kaya a ƙetare. Babban injiniyansa, Maurice Wilks, yana amfani da tsohuwar Jeep ta sojan Amurka a gonarsa, sai ya ga ai za a iya ƙera irinta don manoma. A watan Afrilun 1948 aka nuna Land Rover ta farko a birnin Amsterdam. An yi jikinta da alminiyam saboda ƙarancin ƙarfe, an kuma yi mata mahaɗin da za ta iya juya injin gona, wato rabinta mota rabinta tarakta. Motar manomi aka nufa da ita.

Da ta iso Arewa sai ta sauya ubangida. Manomin Rimin Gado bai saye ta ba, ba shi ma da dalilin saye. Di'o ne ya hau ta zuwa rangadi, sai malamin gona, da likitan dabbobi, da ma'aikacin safiyo, da ɗan sanda. Bakin mutane ya mayar da sunanta Landiroba, kuma ƙararta daga nesa tana nufin hukuma na tafe: ko maganar haraji da jangali, ko allura, ko ƙidaya, ko an zo tafiya da wani. Ina ganin wannan shi ne abu mafi muhimmanci a tarihinta a wurinmu. Gwamnatin da ba ta gina hanya zuwa ƙauye ba ta samo motar da za ta kai jami'inta ƙauyen ba tare da hanyar ba. Jami'i ya shiga ya fita, mai naƙuda da mai buhun dawa suka ci gaba da jiran jaki. Landiroba ta warware matsalar mai mulki, ta bar ta wanda ake mulka a inda take.

Samun 'yanci a 1960 da ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 ba su sauya wannan tsari ba, sai dai suka ƙara yawan motocin. Zamanin Audu Bako na madatsun ruwa da ayyukan noma ya buƙaci injiniyoyi da masu awo a cikin karkara, kuɗin fetur na shekarun 1970 kuma ya biya. Har kamfanin Leyland ya riƙa haɗa Land Rover a Ibadan. Amma a daidai wannan lokaci motar Japan ta fara cin kasuwarta. Toyota ta sa wa tata motar suna Land Cruiser tun 1954, kuma samfurin da ta fitar a 1960 ya shafe shekara ashirin da huɗu ana ƙera shi. Direbobin ma'aikatu sun gano da kansu cewa ba ta yawan zubar da mai, ba ta kuma yawan kwana a gareji. Lokacin da aka kafa KNARDA a farkon shekarun 1980 da tallafin Bankin Duniya, sannan gwamnatin Babangida ta kafa DFRRI a 1986 don hanyoyin karkara da rijiyoyi, motar aiki a idon jama'a ta riga ta fara komawa ƙirar Japan. A 1987 sojojin Chadi suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum a kan Toyota buɗaɗɗu, har aka sa wa yaƙin sunan motar. Pajero kuma ta yi suna ne a tseren Faris zuwa Dakar, wanda ta fara lashewa a 1985, tseren da ya sha ratsawa ta Agadas.

Sai dai duk wannan labarin manya ne. Motar da ta yi wa ƙauyen Kano aiki na gaskiya ba ta da giyar ƙafa huɗu ko kaɗan. Peugeot ce, 404 da 504, musamman a-kori-kura, wadda masana'antar Kaduna ta fara haɗa irinsu a 1975. Tayoyin baya kawai ke tura ta, amma tana da tsayi daga ƙasa, ƙafarta na jure gargada, kuma duk garin da ke da kasuwa akwai bakaniken da ya san cikinta kamar tafin hannunsa. Idan ta kafe, fasinjoji su sauka su tura. Bayanta sai babur, daga Jincheng zuwa Boxer, wanda ya gaji jaki a kan burtalin da aka yanka don jaki. A ganina babu wata jif da ta kai marasa lafiya asibiti daga ƙauyukan yammacin Kano kamar yadda waɗannan biyun suka kai.

To ta yaya motar hukuma ta faɗo hannun irinmu? Ta ƙofa uku. Ta farko gwanjon motocin gwamnati da na ayyukan tallafi, wanda ya ƙaru bayan tsarin da gwamnatin Obasanjo ta kawo a 2003 na biyan ma'aikata kuɗi a maimakon ba su mota da gida. Ta biyu faɗuwar naira tun daga 1986, wadda ta fitar da sabuwar mota daga hannun ma'aikaci, ta buɗe hanyar Kwatano ga motocin da Turai da Amurka suka gama yayi, har zuwa lokacin da aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa a farkon 2017. Ta uku kuwa saukowa daga hannu zuwa hannu: mai kuɗi ya hau ta shekara biyar, ɗan siyasa ya yi yaƙin zaɓe da ita, ɗan kwangila ya ƙarasa ta, sannan ta iso wurin dillali da sabon fenti.

Arahar tata tana da dalili, kuma dalilin yana ƙarƙashinta. Ƙaramar mota injin da giyabos kawai take nema wa mai. Tsohuwar jif tana da injin, da giyabos, da akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, da tulun haƙora a ƙafar gaba, da wani a ƙafar baya, kowanne da mansa da robar da ke iya tsagewa. Farfela biyu gare ta, tayoyinta manya ne, nauyinta kuma na sa ta shan mai ko da ba ta ɗauki kowa ba. Ma'aikata tana da gareji da direba da kasafin gyara. Kai kuwa albashi gare ka da Kofar Ruwa, inda za ka yi yawo tsakanin rumfuna kana neman kayan da aka ciro daga wata motar da ta riga taka mutuwa. Abin da mai sayarwa ya rage maka a farashi, shi za ka riƙa biya wata-wata. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, masu irin waɗannan motoci da yawa suka jingine su.

Da yawan masu sayenta ma ba su san yadda ake aiki da ita ba. Tsohuwar Landiroba tana da sanda mai jan kai da wata mai rawaya ban da giyar tuƙi: a danna rawayar ƙafafu huɗu su kama, a ja jar motar ta koma tafiyar kunkuru da ƙarfin tarakta. A irin wannan tsari, wanda Hilux da Land Cruiser ta aiki suka daɗe a kai, ana ɗaure gaba da baya ne su juya tare. A kan yashi ko laka ba laifi, don taya na iya zamewa kaɗan. A kan busasshiyar kwalta kuwa, duk kwanar da aka sha tayoyin gaba na cin tazara fiye da na baya, ƙarfen tsakiya ya riƙa murɗewa har wani abu ya karye. Haka nan giyar ba ta ƙara wa birki komai, ba ta kuma hana injin shaƙar ruwa idan aka faɗa rafin da ya kawo. A cikin yashi, rage iskar taya yakan fi ta amfani. Ƙasar yammacin Kano jigawa ce galibi, tana shanye ruwa da wuri. Wuraren da ke cin mota su ne fadama mai laka, da mashigin rafi, da inda zaizaya ta cinye gefen kwalbati. Idan mutum ya ƙirga kwanakin da yake buƙatar ƙafa huɗu da gaske a shekara, zai ga 'yan makonni ne, alhali man motar kullum yake saye.

Akwai kuma abin da bidiyon intanet ba ya nunawa. A Amurka da Ostireliya mutane na sayen tsohuwar jif don nishaɗi, su fita da ita hamada ko dutse a ƙarshen mako, domin akwai makeken filin gwamnati da aka buɗe don haka. Masu wasan tudun yashi a ƙasashen Larabawa ma haka. Wannan wasa yana buƙatar ƙasar da ba ta kowa ba, kuma ita ce babu a Rimin Gado. Duk inda ka sauke taya daga hanya, gonar wani ka shiga, an san mai ita, an san wanda ya gada daga gare shi.

Ni a aikace na koyi wannan. Wata damina na nufi gonar wani ɗan'uwa, na tarar ruwa ya kwanta a tsakiyar burtali, ban san zurfinsa ba. Motar tana da ƙarfin hawa gefe, sai na hau, na bi ta kan kunya uku ko huɗu na gero da ya kai gwiwa. Ban yi nisa ba wani dattijo ya fito daga cikin gonar da fartanya a kafaɗa. Ya yi mini sallama, ya tambayi iyali da gajiya, sannan ya ce, "Alhaji, motar ce ba ta ga geron ba, ko kai ne?" Na ce, "Baba, a yi haƙuri, ruwan na guje wa." Ya ce ruwan bai kai idon sawu ba, jikokinsa ta ciki suke bi da awaki. Na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa. Abin da ya nema kawai shi ne in koma da baya ta sawun da na shigo, kada in buɗe sabo, domin idan masu babur suka ga sawun mota a wurin, kafin kaka ya zama hanya. Na yi ribas yana tsaye yana nuna mini da hannu, kamar yaron mota.

Ban ce tsohuwar jif ba ta da wurin zama ba. Mai gona a fadama da ke fitar da kaya da damina, da ma'aikacin lafiyar da dole ya kai allura cikin sanyi, da mai haƙar rijiyar burtsatse, duk suna da hujjar da ta fi tawa, kuma su ma galibi Hilux suke nema, ba mota mai kujerun fata ba. Tawa na sayar da ita a ƙarshen 2023 ga wani mai aikin gini, da kuɗin da bai kai abin da na kashe a gyaranta ba. Agustan da ya biyo baya na ajiye ƙaramar motata a bakin titi a Rimin Gado, na ba wani mai shago ajiyarta, na hau bayan Boxer. Ta cikin ruwan nan na burtali yaron ya bi da ni, na ɗaga ƙafafuna sama, muka wuce gonar dattijon, wadda a shekarar aka shuka mata dawa da wake.