Gadar da Ke Ɗauke da Sunan Pat Tillman

Kafin shekarar 2010, duk direban da ya taso daga Las Vegas zai nufi Phoenix a kan hanya mai lamba 93, tilas ya bi ta kan madatsar ruwa ta Hoover. Hanya ce mai layi biyu kacal, ga miyagun kwanoni, ga 'yan yawon buɗe ido suna tsallaka titi suna ɗaukar hoto. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, hukumomin Amurka suka hana manyan motocin kaya hawa madatsar, sai suka koma zagaye mai nisa ta garin Laughlin. Dama an daɗe ana shirin gina gada a kusa da wurin, wannan hani ya ƙara wa maganar ƙarfi.

An fara aikin gadar a 2005. A Satumbar 2006 wata iska mai ƙarfi ta kayar da na'urorin ɗaga kaya, aiki ya ja baya kusan shekara biyu. Da aka buɗe ta a Oktobar 2010, tsawonta ya kai mita 579, tana tsaye kimanin mita 270 bisa Kogin Kolorado, ƙafa ɗaya a jihar Nevada, ɗaya a Arizona. Ta ci dala miliyan 114.

Amma sunan ya riga ginin. Tun Disambar 2004 gwamnonin jihohin biyu, Kenny Guinn da Janet Napolitano, suka sanar cewa kowace jiha za ta sa mutum ɗaya. Nevada ta kawo Mike O'Callaghan, gwamnanta daga 1971 zuwa 1979, tsohon sojan da ya rasa ƙafa a yaƙin Koriya, wanda ya rasu a Maris 2004 yana dattijo. Arizona kuwa ta kawo matashi, Pat Tillman.

Tillman ɗan wasan ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka ne a ƙungiyar Arizona Cardinals. Harin da ya rufe wa manyan motoci hanyar madatsa, shi ne ya sauya masa rayuwa. An yi masa tayin kwantiragin dala miliyan 3.6 na shekara uku, ya ce a kai kasuwa. A 2002, jim kaɗan bayan ɗaurin aurensa, ya shiga soja tare da ƙanensa Kevin, kuma ya ƙi yarda 'yan jarida su mayar da shi abin talla. Ya yi aiki a Iraƙi da rundunar Rangers, daga nan aka tura shi Afghanistan. Ranar 22 ga Afrilu, 2004, aka kashe shi a lardin Khost yana da shekara 27.

Rundunar soja ta ce abokan gaba ne suka harbe shi yana ƙoƙarin ceton 'yan uwansa. Aka ba shi lambar yabo ta Silver Star, aka yi taron juyayi a San Jose ranar 3 ga Mayu, gidajen talabijin suna nunawa kai tsaye. Alhali tun kwanakin farko akwai hafsoshin da suka san gaskiya: an raba ayarinsu biyu, a wani kwazazzabo rukuni na biyu ya ɗauka 'yan uwansa maƙiya ne, ya buɗe musu wuta. An ƙone kakinsa da rigar sulkensa. Sai bayan mako biyar aka faɗa wa iyalinsa cewa harsashin gida ne ya ci shi. Wani sojan Afghanistan da ke tsaye kusa da shi ma ya mutu a wannan wuta, sunansa bai hau gadar ba.

Nan ne abin yake taɓa zuciya. Sa wa gada suna karramawa ce ta gaske, kuma Tillman ya cancance ta tun ranar da ya bar dukiya ya ɗauki bindiga. Yadda ya mutu bai rage masa komai ba. Sai dai karramawar ta zo da sauri, gaskiyar kuwa sai da aka yi ta jan ta kamar guga daga rijiya mai zurfi. Iyalinsa ba su taɓa yarda lambar yabo ko allon suna su zama madadin bayani ba.

Mahaifiyarsa, Mary Tillman, ta shafe shekaru tana bin dubban shafukan rahoton bincike, tana rubuta wa 'yan majalisa. A Maris 2007 babban sufeton ma'aikatar tsaro ya samu hafsoshi tara, ciki har da janar-janar huɗu, da kurakurai wajen tafiyar da lamarin. A Afrilun shekarar Kevin ya tsaya gaban kwamitin majalisar wakilai ya zargi rundunar da ƙirƙirar labari da gangan, kuma Bryan O'Neal, sojan da ke gefen Pat lokacin da aka harbe shi, ya shaida cewa an umarce shi kada ya faɗa wa Kevin abin da ya gani. Rundunar ta tsawata wa Laftanar Janar Philip Kensinger mai ritaya a hukumance. Ba a gurfanar da kowa gaban kotu ba, kuma a 2008 Mary ta fitar da littafi ta zayyana yadda ta yi ta neman amsa.