Agustan 2003 a Paris: Rufin Kwano, Kaɗaici da Darasi ga Mazauna Barbès

Tsakure

Wannan maƙala ta waiwayi matsanancin zafin da ya afka wa Faransa a watan Agustan 2003, tana kallonsa daga unguwar Barbès. Ta nuna cewa tsarin gini da kaɗaici su ne suka mayar da zafi annoba, kuma sabon da Bahaushe ya yi da bazara a gida ba ya isarsa garkuwa a can.

1.0 Gabatarwa

Barbès unguwa ce a gunduma ta 18 ta birnin Paris. Ita da maƙwabciyarta Goutte d'Or sun daɗe suna matsugunin masu neman na tuwo: da farko leburorin Faransa da Émile Zola ya siffanta a littafinsa L'Assommoir na 1877, daga baya 'yan Aljeriya, sannan 'yan Afirka ta Yamma, har da Hausawan Nijar da Nijeriya masu cefane a kasuwar Dejean. Irin wannan matsayi unguwar Guillotière take da shi a birnin Lyon. Mutumin Sakkwato ko Maraɗi da ya saba da digiri 40 a watan Afrilu yakan yi murmushi idan ya ji Bature na kukan zafi, balle a Agusta, watan marka a gida. Tarihin 2003 ya isa ya sa a sake tunani.

2.0 Birnin da Aka Gina Domin Sanyi

Tsakanin 1853 da 1870 Georges-Eugène Haussmann ya sake fasalin Paris, kuma titin Barbès kansa aikin wancan zamani ne. An rufe benaye da kwanon tutiya saboda araha da rashin nauyi, aka keɓe 'yan ɗakunan da ke ƙarƙashin rufin ga barorin gida. Da zamanin barori ya shuɗe, ɗakunan suka koma hannun ɗalibai da baƙi da tsofaffi marasa hali. Kwanon yakan sha rana wuni guda, ɗakin ya riƙe hucin har cikin dare, taga kuwa sau da yawa ɗaya ce tak.

Zafi ba baƙon ƙasar ba ne. Na 1911 ya ci rayuka kimanin 40,000, yawancinsu jarirai da gudawa ta kama. Sai dai an manta da shi, an ci gaba da ɗaukar hunturu a matsayin abokin gaba.

3.0 Kwanakin Agusta

Daga 4 zuwa 12 ga Agustan 2003 zafin Paris ya haura digiri 35 kwana tara a jere. A daren 11 wayewar 12 bai sauka ƙasa da 25.5 ba, Lyon kuwa ta kai 40.5 ranar 13 ga wata. Daren ne ya fi ɓarna, domin a nan jiki yake hucewa. Idan bai samu ba, zuciya da ƙoda sukan gaji, musamman ga tsoho wanda ƙishirwa ba ta saurin taɓa shi. Ga shi Agusta watan hutu ne: iyalai sun yi balaguro, likitoci da dama ba sa nan.

Ranar 10 ga wata likitan agajin gaggawa Patrick Pelloux ya fito ya yi shelar cewa mutane na mutuwa. Ɗakunan ajiye gawa suka cika, har aka koma amfani da wani sito mai sanyi a kasuwar abinci ta Rungis. Cibiyar bincike ta Inserm ta ƙiyasta ƙarin mace-mace kusan 15,000, akasari 'yan sama da shekara 75. Babban daraktan lafiya Lucien Abenhaïm ya yi murabus ranar 18 ga wata. Ranar 3 ga Satumba aka binne gawawwaki 57 da babu wanda ya zo nemansu a maƙabartar Thiais, a gaban Shugaba Jacques Chirac.

Binciken hukumar sa ido kan lafiyar jama'a ya gano cewa kwana a ɗakin ƙarƙashin rufi da rashin iya fita da kai suna cikin manyan dalilan mutuwa. Masanin tarihi Richard Keller, a littafinsa Fatal Isolation na 2015, ya bi sawun waɗanda aka binne ba dangi, ya nuna sun daɗe da ɓacewa daga idon jama'a kafin zafin ya zo.

4.0 Gyaran da Ya Biyo Baya

A 2004 aka kafa shirin ƙasa na tunkarar zafi, aka kuma shigar da zafi cikin gargaɗin yanayi mai launi huɗu: kore, rawaya, ruwan lemo da ja. Dokar 30 ga Yunin 2004 ta wajabta wa ƙananan hukumomi buɗe rajistar tsofaffi da naƙasassu domin a riƙa kiransu. Da Paris ta kai digiri 42.6 ranar 25 ga Yulin 2019, mace-macen zafin wannan shekara a ƙasar sun tsaya kimanin 1,500.

5.0 Kammalawa

Abin da ke kare Bahaushe a bazara yana cikin katangar tubali mai kauri, da inuwar zaure, da ruwan randa, da ƙailula, da kwanan tsakar gida, da maƙwabcin da zai yi sallama da safe. Babu ɗaya daga cikinsu da ke shiga akwatin matafiyi. Matakan da suka maye gurbinsu sanannu ne: rufe taga da rana a buɗe ta da dare, jiƙa jiki, shan ruwa tun kafin ƙishirwa, yin 'yan sa'o'i a wuri mai sanyi, da kiran lamba 15 idan jikin mutum ya yi zau kuma ya fara ruɗewa. Amma rajistar hukuma sai wanda aka sa sunansa take nema, dattijon da ba ya karanta Faransanci ko wanda takardunsa ba su cika ba kuwa yana iya zama a wajenta. Wannan giɓi masallatai da ƙungiyoyin 'yan gida ne suka fi dacewa da cike shi, ta hanyar sanin wanda ke zaune shi kaɗai da hawa benen a duba shi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A Barbès ƙafar sai ta taka hawa shida.