Tarihin Ƙungiyar Green Falcons da Matsayin Mata a Wasan Zari-Ruga

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu bi sawun ƙungiyar matan Nijeriya ta ƙwallon zari-ruga na 'yan sha uku, watau Green Falcons, mu ga inda ta samo tushe da kuma abin da tarihinta zai koya mana a nan Dutse da kewaye. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, a duk ƙasar da mata suka shiga wannan wasa, su ne suke fara shiga fage da kansu, hukuma kuwa sai daga baya take zuwa ta amince da su.

2.0 Asalin Wasan

Shi dai wannan wasa ya samo asali ne daga rigimar kuɗi. A ranar 29 ga Agusta, 1895, ƙungiyoyi 22 na arewacin Ingila suka ɓalle daga hukumar zari-ruga ta ƙasar a wani taro da aka yi a garin Huddersfield. Dalili kuwa shi ne yawancin 'yan wasansu leburori ne a ma'adinan kwal da masaƙu, kuma hukumar ta hana a biya su ladan aikin da suke rasawa ranar wasa. A 1906 aka rage 'yan wasan kowane ɓangare daga 15 zuwa 13. Wannan shi ne babban abin da ya bambanta shi da ɗan'uwansa na 'yan sha biyar har wa yau.

3.0 Shigowar Mata

Mata ba su jira an gayyace su ba. A watan Satumba na 1921 aka yi wasan mata a birnin Sidni na Ostareliya tsakanin Metropolitan Blues da Sydney Reds, a gaban dubban 'yan kallo, alhali kuwa hukumar wasan ta jihar ta juya musu baya. A ƙarshen wannan shekarar ne kuma hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta hana mata wasa a filayenta, hanin da ya ɗauki kusan shekara hamsin. Saboda irin wannan hali, sai a 1995 aka yi karon farko tsakanin matan Ostareliya da na New Zealand.

Misalin da ya fi jan hankalinmu shi ne na matan Birtaniya. A 1996 suka tara kuɗin tafiya da kansu, suka je Ostareliya, suka ci wasa biyu daga cikin uku. Amma sai a 2022, bayan shekara 26, hukumar wasan ta ba su hular girmamawa da aka saba ba wanda ya wakilci ƙasarsa. Gasar cin kofin duniya ta mata kuwa an fara ta a shekarar 2000. New Zealand ta ɗauki kofi uku na farko, Ostareliya ta ɗauki uku na bayansu.

4.0 Green Falcons

A Nijeriya maza ne suka fara yin suna, domin sun ci kofin Gabas ta Tsakiya da Afirka a Ikko a 2019. Matan sun fito fili ne a watan Satumba na 2024, sa'ad da suka je Nairobi suka kara da Kenya sau biyu don neman gurbin Afirka. Sun ci wasan farko da maki 22 da 14, aka cinye su a na biyu da 8 da nema. Da aka haɗa lissafi sai aka yi kunnen doki, 22 da 22, dokar raba gardama ta ba Nijeriya gurbin.

A watan Oktoba na 2025 suka isa garin Brampton na Kanada, inda ƙasashe huɗu suka nemi kujera ɗaya tak da ta rage a gasar duniya ta 2026. Sun doke Ayalan da 10 da nema, sa'an nan Fiji ta lallasa su da 62 da 4 a wasan ƙarshe. Wannan rata tana da dalili. Da dama daga cikin 'yan wasan Fiji suna buga gasar ƙwararru ta matan Ostareliya da aka kafa a 2018, inda ake biyansu albashi, ana kuma horar da su duk kakar wasa. Watau dai matsalar da ta haifi wasan a 1895, wa zai biya ɗan wasa lokacinsa, ita ce ta raba ƙungiyoyin nan biyu bayan shekara 130.

5.0 Kammalawa

An ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, shekarar da matan Nijeriya suka ci kofin ƙwallon ƙafa na Afirka karo na farko. 'Yan matanmu kuwa ba baƙin motsa jiki ba ne, domin gaɗar dandali da carafke sun girmi makarantar boko, kuma makarantun 'yan mata na kwana sun daɗe suna wasannin guje-guje da tsalle-tsalle. Idan har wata makaranta a Dutse, ko Kiyawa, ko Birnin Kudu ta so gwada zari-ruga, akwai nau'in da ba a kayar da kowa, taɓa mai ƙwallo kawai ake yi, kuma ana iya yin sa a filin 'yan mata zalla, da suturar da iyaye suka yarda da ita, ƙarƙashin malamai mata.

Shawararmu ta biyu ga masu nazarin tarihi take. Matan Birtaniya sun sami hakkinsu ne saboda an adana hotuna da takardun wasanninsu. Ya kamata makarantunmu da hukumar wasanni ta jiha su riƙa rubuta sunayen 'yan wasa mata, da ranakun wasa, da sakamako, su ajiye a inda mai bincike zai same su.