WA ZA MU KIRA A RANAR WAHALA? TAƘAITACCEN TARIHIN ROƘON TSARKAKA

 Cikin shekaru 50 na wannan ikilisiya, mun ga 'yan'uwa da dama waɗanda wahala ta kai su bango. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa sai ya kama. Saboda haka ya kamata mu san yadda masu bi na dā suka nemi taimako.

Wajen shekara ta 155 aka kashe Polikap, shugaban ikilisiyar Samirna, domin ya ƙi musun Almasihu. Masu bi suka tattara ƙasusuwansa, suka ƙudurta za su riƙa taruwa kowace shekara domin tunawa da shi. A kwana a tashi, tunawa da shahidai ta kai ga roƙonsu su yi wa masu rai addu'a. Daga baya garuruwa da sana'o'i a Turai suka sami nasu waliyyai masu tsaro.

Masu haƙar ma'adinai a Jamus sukan kira Waliyyiya Hannatu, wadda al'ada ta ce ita ce mahaifiyar Maryamu. Mahaifin Martin Luther ma sana'arsa ke nan. Ran 2 ga Yuli, 1505, Luther yana ɗalibin shari'a mai shekara 21, sai tsawa ta faɗi kusa da shi a hanyar Erfurt. Cikin razana ya kira Hannatu, ya yi wa'adin zai keɓe kansa ga Allah in ya tsira. Bayan mako biyu ya shiga gidan zuhudu. Amma nazarin Littafi Mai Tsarki ya sāke tunaninsa. A 1530 mabiyansa suka bayyana a birnin Augsburg cewa a tuna da tsarkaka a bi gurbinsu, amma kada a roƙe su, gama matsakanci ɗaya ne, wato Almasihu. A 1563 majalisar Katolika a Trent ta amsa cewa neman addu'ar tsarkaka abu ne mai kyau, muddin an san taimakon daga Allah yake ta wurin Ɗansa.

Har wa yau, idan al'amari ya gagara, 'yan'uwanmu Katolika da yawa sukan kira manzo Yahuza, ba Iskariyoti ba. An ce saboda sunansa ɗaya da na maci amana, mutane ba su kiransa sai dabara ta ƙare. A 1929, shekarar da tattalin arzikin Amurka ya rushe, wani fada ya kafa wurin addu'a da sunansa a Shikago, cikin unguwar ma'aikatan ƙarfe. Haka kuma Danny Thomas, ɗan wasa mai asali daga Lebanon, ya yi wa Yahuza wa'adi lokacin da yake cikin talauci. Da ya arzuta, ya gina asibitin yara a Memphis, aka buɗe a 1962. Ba a karɓar kuɗin magani daga iyayen yaran.

Mu kam, bisa ga 1 Timoti 2:5 da Ibraniyawa 4:16, muna zuwa gaban Allah kai tsaye ta wurin Yesu. Amma kada mu rena maƙwabtanmu, gama kukan mai wahala ɗaya ne. Mu tambayi kanmu: wa'adodin da muka yi wa Allah a gadon asibiti, ko a shekarar fari, mun cika su kuwa? Kuma idan ɗan'uwa ya rasa mafita, zai same mu tsaye tare da shi cikin addu'a da taimako?

Allah ya ba mu alherin yin haka. Amin.