Liyarin Kaka da Dinarin Sarki Offa: Abin da Ke Sa Tsohon Kuɗi Ya Yi Tsada

  

A watan da ya gabata, bayan mun sallame La'asar, wani bawan Allah daga cikin mutanen sahun gaba ya jira har jama'a suka ragu, sannan ya kwance wani ƙullin tsumma ya miƙo mana. Liyari ne na azurfa, irin mai hoton tsohuwar nan ta Turai, an huda shi daga sama, ya yi duhu saboda daɗewa. Na kakarsa ne. Ya ce: "Malam, an turo mini a waya wai irin wannan mai 1780 Turawa suna sayensa miliyoyi. Wani ya ce in aika masa jika hamsin kuɗin takardu, shi zai kai shi inda ake gwanjo." Muka ce masa ya dakata da aiken tukuna, muka yi alkawarin za mu rubuta bayani a wannan fitowar, domin ba shi kaɗai aka turo wa irin wannan saƙo ba.

Gaskiya ne akwai mutanen da tara tsofaffin kuɗi shi ne abin sha'awarsu, wasu ma sana'arsu ke nan, kuma suna biyan kuɗin da hankali ba ya ɗauka. Sai dai ba tsufa suke saye ba, ba kuma nauyin zinariya ko azurfa ba. Ƙaranci suke bi, da lafiyar kuɗin, da abin da aka rubuta a jikinsa. Tarihin dinarin Musulunci ya ishe mu misali.

A zamanin Annabi (SAW) da halifofin farko, Musulmi suna ciniki ne da dinarin Rumawa mai hoton sarkinsu da gicciye, da dirhamin Farisa mai hoton Kisra da wurin bautar wuta. Daga baya gwamnoni suka riƙa ƙara bisimilla a gefen dirhamin, hoton yana nan. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan shi ya sauya al'amarin. Ya fara gwada dinari mai hoton halifa a tsaye riƙe da takobi, sannan a shekara ta 77 bayan Hijira (696 zuwa 697 Miladiyya) ya fitar da dinarin da babu hoto a kansa ko ɗaya, sai rubutu: kalmar shahada, da wani ɓangare na suratul Ikhlas, da shekarar bugu. Nauyinsa wajen giram 4.25. Ba kowa ya yi murna ba. Balazuri ya kawo a Futuhul Buldan cewa malamai sun ƙyamaci dirhamin da Hajjaju ya buga da irin wannan rubutu, har aka riƙa ce masa makaruhi, ganin mai tsarki da marar tsarki duk za su taɓa shi.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Nisabin zakkar zinariya dinari 20 ne, mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malik rubu'in dinari. To dinarin nan nawa ne nauyinsa da ma'aunin yau? Malaman wannan zamani, irin su Shaihu Yusuf Ƙardawi a littafinsa Fiƙhuz Zakat, sun dogara ne da awon dinaran da aka adana a gidajen tarihi, suka sami 4.25, aka ninka sau 20 ya ba da giram 85 da muke ji a duk shekara. Da kowa ya kai nasa ga maƙera an narkar, da sai dai a yi ta kintace. Don haka ba ma raina masu wannan aiki.

Kuɗin wancan zamani da hannu ake buga shi. Mai sassaƙa zai zana rubutun a kan hatimin ƙarfe guda biyu, kuma dole ya rubuta shi a juye, kamar wanda ake gani a madubi, domin ya fito daidai. A ɗora ƙwayar zinariyar a kan na ƙasa, a aza na sama, a doka da guduma. Ka ga ƙofofin kuskure suna da yawa. Hannu ya goce, rubutun ya karkace gefe guda. A doka sau biyu, haruffa su hau juna. Mai sassaƙa ya tsallake harafi, ko wuri ya ƙure masa ya matse kalmar ƙarshe. Irin waɗannan suna da yawa a kuɗin hannu, shi ya sa galibi ba su ƙara masa daraja, wani lokaci ma rage ta suke yi.

Abin da ke ƙara daraja yakan zama harafi ɗaya tak. Ɗalibanmu na ajin nahawu su saurara da kyau. Rubutun dinarin Banu Umayya Kufi ne, babu ɗigo, kuma shekarar da kalmomi aka rubuta ta, ba da alƙaluma ba. Cire ɗigo daga "sab'in" da "tis'in", bakwai da tara ke nan, sai ka ga haƙora huɗu da ainun a kowace. Bambancin kawai, a bakwai ƙananan haƙoran sinun uku ne suke fara zuwa sannan dogon haƙorin ba'un, a tara kuwa dogon haƙorin ta'un ne a gaba. Dinarin shekara ta 77 kaɗan ne ya saura a duniya, na 79 da na 97 kuwa ana samunsu. Nauyi ɗaya, zinariya ɗaya, amma farashin na 77 ya ninka nasu fiye da sau ɗari. Wanda ya yi karatun allo da rubutunmu na gargajiya, wanda asalinsa na Magrib ne mai kusanci da Kufi, ba zai sha wuyar koyon wannan ba. Muna ganin har ya fi Baturen da ya koyi Larabci da rubutun ɗab'i saurin kamawa.

Mafi shahara a wannan babi shi ne dinarin shekara ta 105 bayan Hijira, shekarar da Yazidu ɗan Abdulmalik ya rasu ɗan'uwansa Hishamu ya hau. Yawancin dinaran Banu Umayya ba sa faɗin inda aka buga su. Wannan kuwa an ƙara masa ƴan kalmomi da ke cewa zinariyarsa daga ma'adinin Amirul Muminina ne da ke Hijaz. Masana suna danganta shi da ma'adinin Banu Sulaim, wurin da yau ake kira Mahduz Zahab, tsakanin Makka da Madina. A 2011 gidan gwanjo na Morton & Eden a birnin Landan ya sayar da guda ɗaya a kan fam miliyan 3.72. Dinarin wannan shekarar da ba shi da waɗannan kalmomi bai kai kashi ɗaya cikin dubu na wannan kuɗi ba.

Yanzu mu zo ga kuskuren da ya fi kowane suna, wanda kuma muka fi son ƴan'uwa masu wa'azi su lura da shi. A ƙasar Ingila an yi wani sarki mai suna Offa, ya mulki yankin Marsiya daga 757 zuwa 796 Miladiyya. An sami wani dinari na zinariya, ƙwaya ɗaya tak aka sani a duniya, wanda aka kwaikwayo daga dinarin halifan Abbasiyawa Abu Ja'afar Mansur na shekara ta 157 bayan Hijira. Kalmar shahada tana kai, shekarar Hijira tana kai, sannan a tsakanin layukan Larabcin an cusa OFFA REX da haruffan Latin, wato Sarki Offa. A birnin Rum ya fara bayyana a ƙarni na 19, kuma tun 1913 yana gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan.

Mun sha jin ana kafa hujja da wannan dinari a kan mumbari wai sarkin Ingila ya musulunta aka ɓoye. Mu ma a ƙuruciya mun so maganar ta tabbata, wa zai ƙi? Amma duk wanda ya sami hoton dinarin ya dube shi da idon malamin Larabci zai ga abu biyu. Na farko, in ka riƙe shi yadda sunan Offa zai karantu, Larabcin a kife yake, ƙafa sama kai ƙasa. Na biyu, akwai kurakurai a rubutun, kalmar "sanata" ma, wato shekara, ta gurɓace. Mutumin da ya sassaƙa hatimin bai san inda saman rubutun yake ba. Zane ya ɗauke shi, ya kwafa kamar yadda yaron da bai fara babbaƙu ba zai kwafi allon yayansa. Sarkin da ya karɓi shahada da saninsa zai yarda a kifar da ita a ƙarƙashin sunansa? Tarihi kuma ya nuna Offa yana gina wuraren ibadar Kirista, yana hulɗa da Paparoma har ƙarshen mulkinsa.

Abin da dinarin yake shaida ya fi wancan labari ƙarfi in an yi tunani. A wancan ƙarni zinariyar da ƴan kasuwar tekun Bahar Rum suka amince da ita ita ce ta Musulmi, har sarkin wani tsibiri mai nisa, da ya so buga zinariya, bai ga siffar da za a karɓa ba sai tasu. Haka ma Nasaran da suka mamaye gaɓar Sham a yaƙe-yaƙen gicciye suka daɗe suna kwaikwayon dinarin Faɗimiyawa da gurɓataccen Larabci, sai wajen 1250 da hukumar Paparoma ta hana, suka koma rubuta aƙidarsu da Larabcin. Masu tara kuɗi suna gane na kwaikwayo ne ta waɗannan kurakuran. Wannan ya ishe mu faɗa, ba sai mun ƙara gishiri ba.

Da injin ya karɓi aikin guduma, kuskure ya yi ƙaranci, shi ne ya koma abin nema. A 1955 a gidan buga kuɗi na Filadelfiya a Amurka an yi amfani da wani hatimi da rubutunsa ya ninku biyu, aka fitar da kwabbai sama da dubu ashirin kafin a tsayar, yau kowane ɗaya ana sayensa da ɗaruruwan dala zuwa dubbai. A 2008 a Birtaniya aka haɗa tsohon hatimi da sabo wajen buga sulen fene 20, ya fito babu shekara ko a fuska ɗaya. Sharaɗin dai kuskuren ya faru a gidan bugu. Kuɗin da mota ta taka ko aka goga a dutse lalatacce ne kawai.

Sai maganar tantance lafiya. A 1949 wani Ba'amurke, William Sheldon, ya tsara ma'auni daga 1 zuwa 70: ɗaya shi ne wanda ya side har da kyar ake gane shi, saba'in wanda ko madubin ƙara girma bai nuna masa tabo ba. Kamfanoni irin su PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987 suna duba kuɗi, su tabbatar ba jabu ba ne, su ba shi lamba, su rufe shi a cikin roba. Huji yana zubar da daraja, haka gefen da aka yanke, haka wanda aka yi wa walda don sarƙa. Abin da zai ba mutanenmu mamaki, wankewa ma aibi ce a wurinsu. Duhun nan da muke gogewa da toka da lemon tsami, su shi suke so a bari.

Wanda ya yi niyyar saye kuma, ya tuna babin sarfu da muka karanta a Risala. Zinariya da zinariya sai nauyi ya yi daidai kuma hannu da hannu, ba a duba kyawun ƙira. In da kuɗin takarda ne, fifiko ya halatta, amma jumhurun malaman zamani sun sharɗanta karɓa a majalisi guda. Ka tura kuɗi yau ga wanda ba ka sani ba, a ce kaya zai iso bayan wata, ga jinkiri ga garari. Mai sayarwa kuma wajibi ne ya bayyana huji ko gyaran da ya sani. Ga jabu ya cika kasuwa, wani na zubi ne, ana gane shi da laushin haruffa da ƴan ramuka a fuska, ma'auni kuma yakan tona asirinsa.

To, liyarin ɗan'uwanmu fa? Matar da ke jikinsa Mariya Taresa ce, sarauniyar Ostiriya, ta rasu a 1780. Saboda ƴan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da namu na Sudan sun saba da shi ba sa karɓar wani, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba a canzawa, a Biyana, daga baya har a Landan da Paris da Rum da Bombay. An buga miliyoyi ɗaruruwa, kuma har gobe Ostiriya tana bugawa. Ta hanyar fataken Sahara ya iso mana, kuma matafiyin nan Barth ya tarar a Kano a 1851 ana canza irinsa a kan wuri 2,500. Ko "dala" da muke cewa ga sefa biyar, sunan daga zuriyar wannan kuɗi ya gangaro. Saboda haka 1780 da ke jikinsa ba ta nuna shekarar da aka buga shi. Cikakkensa giram 28 ne, kashi 83 cikin ɗari azurfa, kuma mai huji irin wannan kuɗin azurfarsa za a biya.

Mun raka shi wurin wani maƙerin azurfa a kasuwa, aka ɗora a ma'auni, ya gaza 28 da kaɗan saboda hujin da sidewa. Maƙerin ya faɗi abin da zai biya in za a narkar. Ɗan'uwan namu ya yi shiru, ya juya liyarin sau biyu, ya ce da shi aka kai kakarsa ɗakin miji, yana da ɗiya da za a aurar bayan Babbar Salla. Ya mayar da shi cikin tsumman ya ƙulle, jika hamsin ɗinsa kuma tana aljihunsa.